Zakaran Ya Miƙe, Yaya Garba Bai Miƙe Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka fita da yayana Garba daga gidanmu na Hunkuyi a kan makara. Ni mace ce, iyakata bakin zaure, daga nan na tsaya ina kallo har suka karya kwana. Duk shekara in rake ya isa sara, manyan motoci suka fara jerin gwano a hanyar Makarfi da lodi har yana jan ƙasa, sai ciwon ya dawo mini ɗanye. 'Ya'yana suna cewa na cika riƙo, wai mutuwa rigar kowa ce. Na sani. Ba da mutuwar nake faɗa ba. Hanyar da aka bi aka kai shi gare ta ce ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma bana na ce sai na rubuta, ko Allah zai sa ta wuce.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifinmu yana da ɗaliban zaure, ƙanensa Baffa Idi kuma shi ke limancin masallacin unguwa. Kowa ya sa ran Yaya Garba, da yake shi ne babba, shi zai gaji buzun. Sai ga shi da gama firamare ya bi wani direba zuwa Kaduna, ya faɗa filin da manya ke wasan golf, wanda a rediyo wasu ke kira ƙwallon lambu. Ga wanda bai taɓa gani ba, wata 'yar farar ƙwallo ce da ba ta wuce ƙwan zabo ba, a buge ta da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙafa cikin ciyawa, a sake bugu har ta faɗa rami. Da ɗaukar wa mutane jakar sanduna ya fara. Kafin ya bar garin, shi ake ba sababbin shiga ya koya musu yadda ake tsayuwa da yadda ake bugu.

In ya zo hutun salla, da safe yakan ɗauki sanda ɗaya ya zagaya bayan gida, ni kuma in bi shi, domin tun ina yarinya ba na iya ganin abu in ƙyale. Zai buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan rusuna, ya ja sandar baya har nauyinsa ya koma kan ƙafar dama. A nan abin yake. Kafin hannu ya motsa, sai ka ga ƙugunsa ya riga ya juya, nauyin ya zube kan dugadugin hagu, sannan kafaɗa ta biyo, hannu ya zo a ƙarshe kamar bulala. In ya gama, cibiyarsa na kallon inda ƙwallon ta nufa, dugadugin dama a sama. Na taɓa karɓar sandar na kai duka da iya ƙarfina, na tono ƙasa, ƙwallon tana nan tana kallona. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Hajara, ke da hannu kike faɗa. Ƙugu shi ne liman, hannuwa mamu ne. Mamun da ya riga liman kuwa, ai kin san hukuncinsa."

Wannan magana ta je kunnen Baffa, kuma bai yafe ta da wuri ba. A wurinsa abin kunya biyu ne: ɗan malam guda ya tsaya a sarari yana murguɗa ƙugu kamar mai rawar kalangu, sannan ya ɗauki sunan liman ya laƙa wa mazauninsa. Mutanen gari ma ba su raga masa ba. Suka sa masa Garba Rangwaɗa, yara na kwaikwayonsa da karan dawa. Shi dai murmushi kawai yake yi. Ban taɓa jin ya ɗaga wa na gaba da shi murya ba, kuma yanzu na san wannan halin nasa da muke yabo yana cikin abin da ya ci shi.

Da mahaifinmu ya rasu, Baffa ya aika masa cewa gida ba ya zama ba babba. Ya tattara shekarunsa ashirin na Kaduna a jakar sanduna ɗaya, ya dawo da matarsa, ya karɓi fadamar rakenmu da ke wajen Taba. Na san ya yi kewar filin can, domin ko magana yake da kai sai ka ga ƙafarsa ta hagu tana neman wurin tsayawa. Amma bai yi ƙorafi ba. Abin da ya dame shi masu sara ne. Yakan gan su da la'asar sun dafe kwankwaso, samari da su suna tafiya kamar tsofaffi, saboda da kafaɗa da gwiwar hannu suke sara wuni guda. Sai ya karɓi adda ya nuna musu: tsaya haka, bar ƙugu ya fara, addar za ta zo da kanta. Suka yi ta dariya, wani ya ce shi ba ɗan daudu ba ne. Da ɗaya ya gwada a ɓoye ya ga ya kwana ba a taka masa baya ba, sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna juyawa, kowa na yi kamar shi ya gano da kansa.

Ranar da abin ya faru ana lodi ne. Ya hau saman mota yana gyara ɗauri, igiya ta tsinke, ya faɗo ta gefen hagu a kan busasshiyar ƙasa. Ni ina Ikara, inda nake aure kuma nake koyarwa. Kafin labari ya iso ni, an riga an kai shi gida, an kira Malam Tanko maɗori, ya sa hannu.

A nan sai na yi adalci, don kada a ce haushi ya rufe mini ido. Gidan Malam Tanko gidan ɗori ne tun kakanni, kuma ba ƙashin da ya taɓa karyewa a gidanmu wanda ba su ne suka haɗa ba. Hannun da nake rubutun nan da shi, shi ya ɗora mini ina 'yar shekara bakwai, ga shi nan lafiya lau. Ƙwauri, damtse, yatsa, duk inda kara zai iya kama ƙashi ta gefe da gefe, mutumin nan gwani ne. Amma ƙashin kwatangwalo a binne yake cikin tsoka, can inda kan cinya ke shiga gurbinsa. Ba karan da ke isa wurin. Ko jaririn da aka haifa jiya ya duba zai ga abin da aka ɗaure cinya ce, ciwon kuwa yana sama da ɗaurin.

Al'adar gidansu ce, in karaya ta yi girma, a kawo zakara a karya masa ƙafa, a ɗora shi tare da majinyaci, a yi musu tofi ɗaya, a shafa musu man shanu ɗaya. Ranar da zakara ya taka, ranar ce mutum zai taka. Da wannan akwai wata ƙa'idar da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: in maɗori ya sa hannu, ba a ɗauke masa majinyaci sai shi ya sallama. Wanda ya ɗauke ya ci mutuncin gidan, kuma ana cewa ƙashin ba zai ƙara haɗuwa ba har abada.

Da na iso na shiga ɗakin, na sami Yaya a kan tabarma, zakaran a cikin kwando kusa da ƙofa. Bayan mun gaisa ya ce in yaye zanen in duba. Ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta, tafin ya kwanta yana kallon waje. Ya ce, "Na ce mata ta miƙe, ba ta ji. Hajara, ba gocewa ba ce. Abin a ciki ya rabu, ina jin sa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sauraron ƙugunsa yana koya wa wasu su saurari nasu, shi ne yake faɗa, amma a hankali yake faɗa, don kada a ji a tsakar gida.

Na fita na sami Baffa a zaure. Na durƙusa, na gaishe shi da wuni, da gajiya, da mai jiki, da jama'a, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na ce, "Allah ya gafarta Malam, da an kai Yaya Zariya an ɗauki hoton ƙashin, ko don a san abin da ake ɗorawa." Bai ɗago daga littafinsa ba. Ya ce, "Su da in ka je da ƙafa biyu ka dawo da ɗaya? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ki shiga ciki wajen mata." Na shiga, amma ban yi shiru ba. Na yi wa Inna mahaifiyarmu magana, na yi wa 'ya'yan Baffa, na sa mijina ya zo takanas ya yi. Abin da na samu shi ne suna: 'yar boko mai bakin tsiya, wadda ke yi wa ɗan'uwanta fatan yankan ƙafa.

Bayan 'yan makonni zakaran ya miƙe. Ya fito daga kwando ya karkaɗe fiffike, ya yi cara, har ya kori wata kaza. Aka yi guɗa a gidanmu. Malam Tanko ya zo, aka sa ƙarti biyu suka kama Yaya ta hammata suka tsayar da shi, aka ce ya taka da bismillah. Ya dubi Baffa, Baffa ya gyaɗa kai, ya taka. Ina tsakar gida na ji ƙarar da ya yi, kuma har yau in ana yanka rago ba na tsayawa kusa. Suma ya yi a hannunsu.

Wani zai zaci daga nan ido zai buɗe. Ina! Tun da zakara ya warke, ai magani ya yi aiki, saura a nemo laifin majinyaci. Ba a sha wahalar nema ba. Ƙugun da aka shekara ashirin ana murɗawa kamar wanki, ta ina zai karɓi ɗori? Masu zuwa dubiya suka riƙa faɗa a bakin ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa irin wadda ake so a ji, wai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yana kwance yana jin su. Abin da ya fi iyawa a duniya, abin da ya rage wa 'ya'yansu ciwon baya a fadama, shi aka mai da zunubin da yake biya. Aka sake ɗauri, aka ƙara tofi, aka ce a ba shi lokaci.

Wata ranar kasuwa da na san Baffa ya tafi ta'aziyya Kudan, na ɗauko shatar mota daga Ikara, na sa aka shimfiɗa katifa a baya, na zo da ƙannen mijina biyu. Na ce, "Yaya, tashi mu tafi, kafin la'asar muna Zariya." Ya rame har haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, bayansa ya fara salewa saboda kwanciya. Ya ce, "Baffa ya sani?" Na ce in mun isa ya sani. Ya girgiza kai. "Shekara ashirin ana cewa na bar gida na bi Nasara. In aka sace ni ta bayan idonsa, da wace fuska zan dawo, da wace fuska zai shiga masallaci? Ki bari ya dawo a roƙe shi. Mamu ba ya riga liman, Hajara." Ban taɓa jin tsanar wata magana kamar yadda na ji ta wannan a ranar ba. Na yi kuka, na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba, na ce limamin da ya nufi rami ba a bin sa. Ya ce in yi istigfari. Motar ta koma ba kowa a kan katifar.

Abin da bakina ya kasa, wari ne ya yi shi. Gyambon kwanciya ya ci bayansa har ya kai in iska ta juyo ana ji a zaure, ɗalibai na toshe hanci da gefen riga. Sannan Baffa ya sa babbar riga, ya ɗauki goro, ya tafi gidan Malam Tanko. Sani ɗan Baffa da ya raka shi ne ya ba ni labari. Sun daɗe suna gaisawa, sun taɓo damina, sun taɓo zumuncin iyaye, kafin Baffa ya ce ko za a yi musu izini su gwada wani wurin. Malam Tanko ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, tun ranar da aka tsayar da shi na san ya fi ƙarfin kara. Nauyinka na ji, kada ka ce na gaji da ɗanka." Baffa ya ce, "Ni ma nauyinka na ji." Suka yi wa juna godiya, suka yi addu'a, suka rabu da mutuncinsu cif. Dattawa biyu, kowanne na tsaron fuskar ɗan'uwansa, yayana kuwa yana ruɓewa a tsakaninsu.

A asibiti likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga hoton ya nuna mini inda wuyan ƙashin ya rabu, ya ce kan ya riga ya mutu don jini ya daina kai masa. Ya ce da a makon farko ne, aiki ne da suke yi kullum. Yanzu sai gyambon ya warke kafin a taɓa shi, gyambon kuwa ya riga ya shiga jini. Zazzaɓi ya rufe shi. Ranar da ya ɗan samu kansa, na ga yana motsa hannuwa biyu a haɗe a kan ƙirji, a hankali, daga dama zuwa hagu. Ya lura ina kallo, ya ce, "Hannu kaɗai ya rage. Ba ya zuwa ko'ina." Bai kai Juma'a ba. Zakaran kuwa yana nan da ƙafarsa garau, sai da abokan aikinsa na Kaduna suka zo gaisuwa aka yanka musu shi. Ban ci ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya leƙo yau. Ɗana ya taɓa nuna mini a waya yadda ake rage gudun hoton mai bugun golf, ana zana layi a ƙugunsa, ana bayanin cewa shi ke fara juyawa kafin hannu. Na ce masa kawunka ya faɗi wannan a bayan gidanmu da sandarsa a hannu, aka ce masa ɗan iska. Ina jin da Yaya zai yi murna, ya karɓi wayar ya yi ta maimaitawa. Da zai yi baƙin ciki da fadamar, wadda yanzu saboda rashin tsaro ba mai yarda magariba ta same shi a cikinta. Da zai ga yadda babura ke karya samari kullum a hanyar Hunkuyi, gidan ɗori ya fi da cika. Sai dai Malam Tanko ya rasu, ɗansa ne a wurin, kuma shi ba ya taɓa karayar da ta wuce gwiwa sai an kawo masa hoto. In ya ga ta kwatangwalo ce, da kansa yake tare mota. Ba ya faɗin dalili, mu ma ba ma tambaya.

Masu saran rake har yau da ƙugu suke farawa. Bara na tsaya a bakin hanya ina kallon wasu samari da ba su kai shekarun saninsa ba, ƙafa a buɗe, dugadugin dama na tashi bayan kowane sara. Na tambayi ɗaya wa ya koya masa. Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ya koya masa tafiya, ya ce ai haka ake yi.

Sandunan Yaya sun watse. Matarsa ta yi wani auren ta bar jakar, yara suka kwashe, wata ta zama ta kaɗo mangwaro, wata ta kashe ɓera. Guda ɗaya ce ta samu aikin kirki. Shekara uku da suka wuce Baffa ya zame a wurin alwala, ya faɗi ta gefen hagu, ƙafar ta gajarta, tafin ya kwanta yana kallon waje. Sani yana ganin haka bai nemi izinin kowa ba, bai ma bari an gama salati ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin azahar suna Zariya, aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Tsoho mai shekara kusan tamanin ya dawo gida da ƙafafunsa biyu. Da aka ce ya riƙa dogarawa, wani jika ya zaro masa sandar golf daga bayan rumbu. Ya juya ta, kan ƙarfen a tafin hannu, mariƙin a ƙasa, ta yi masa daidai kamar an auna.

Na je dubiya, na durƙusa, na gaishe shi da kwana, da jiki, da jama'a, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya amsa. Can ya shafa gefen cinyarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Hajara, ashe ƙarfe ake sawa a ciki." Iyakar abin da na samu ke nan cikin shekara goma sha biyu, kuma na san a wurin mutum irin Baffa ba ƙaramin abu ba ne. Na ce, "Haka ne, Baffa. Allah ya ƙara sauƙi."

Ajali ba ya wuce ranarsa, na yi imani da wannan, kuma ba na jayayya da Mai shi. Amma in na auna abin da ya rage na Yaya Garba, ba na samun kabari da suna kawai. Ina samun bayan samari da ba ya ciwo, da maɗorin da ya san iyakarsa, da 'ya'yan da suka koyi cewa akwai ranar da ake riga babba don a cece shi. Duk da jikinsa aka saya, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda da cinikin. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya yafe wa waɗanda suka so shi ta hanyar da ta kashe shi.

In na je Hunkuyi yanzu, nakan tsaya a bakin zauren nan da na tsaya ranar da aka fita da shi. Da an kira la'asar sai Baffa ya fito, ya bi ta wannan kwanar, a hankali, yana dogara sandar yaron da ya ce ya kunyata gida. Har yanzu shi ke jan salla.